Raƙumin da Ya Riƙe Mana Kan Inji a Tsakiyar Rafi

Injinan manyan motocin da na kwance a rayuwata ni kaina ban san iyakarsu ba, kuma yawancinsu sun shige mini, ko fuskar masu su ba zan iya tunawa ba. Amma akwai aiki guda da nake jin ko tsufa ya kwashe komai daga kaina shi zai rage. Shi ne ranar da muka canza wa wata tifa gaskit a tsakiyar rafi, ruwa yana tafe, wanda ya riƙe mana kan injin kuma raƙumi ne.

Ni bakanike ne. Garejina yana bakin titi a Magama, inda manyan motoci ke yin layi kafin su tsallaka Nijar. Mai tifar kuwa taubashina ne, ɗan gwaggona. Ita Gwaggo yayar mahaifina ce, aure ya kai ta wani ƙauye a tsallaken iyaka, kusa da mu ƙwarai, har idan iska ta juyo muna jin kiran sallarsu. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna yara nake kiransa bawana, ko da yake ya girme ni. Shi kuma ya ce mini ubangidan da ko akuya ba shi da ita. Har furfura ta fito mana ba mu daina ba.

Ya daɗe yana tuƙa tirelolin mutane tsakanin Maraɗi da Kano. Da aka rufe iyaka aiki ya tsaya, ya gaji da zama, sai ya sayar da shanunsa da gonar da ya gada, ya sayi tsohuwar tifa yana ɗibar wa magina yashi. Wato duk abin da ya mallaka a duniya ya koma kan tayoyin motar nan.

Farkon damina ne, an yi ruwan shuka mutane sun duƙufa a gona, sai ga wayarsa da hantsi.

"Ubangida, kamiyo ta sha ruwa."

"To ta ƙoshi?" na ce.

"Bar wasa. Ina jin juwan kilas ne ya ƙone."

Mutanen tsallake haka suke kiran kayan mota, da bakin Faransa. Na ce masa, "Yi mini Hausa mana, ka ce gaskit."

"Shi gaskit ɗin kakanka ne ya raɗa mashi suna?"

Na tambaye shi inda motar take. Da ya ce cikin rafi, inda suke lodin yashi, sai dariyar ta ɗan rage mini. Wannan rafin duk wanda ya tashi a wajenmu ya san halinsa. Rani duka busasshe ne, faɗinsa kamar filin ƙwallo, yara na wasa a ciki, amalanke na ratsawa. Amma da damina ba ya sallama. Ko ɗigo bai sauka a kanka ba, in dai an yi ruwa a sama, sai ka ga ya taho da ƙarfinsa ya kwashi abin da ya tarar.

Na ɗaure akwatin sifanu a bayan babur na tafi. Na same ta can tsakiya, tayoyin baya sun nutse. Ban sha wahalar gano ciwon ba. Na zaro sandar duba baƙin mai, na ga man ya koma kamar kunun gyaɗa. Na buɗe lagireto, taubashina ya ɗan murza makulli, ruwan ya hau tafasa yana aman kumfa, farin hayaƙi na fita ta salansa. Ga wanda bai sani ba, gaskit wani siririn faifai ne mai huji-huji da ke kwance tsakanin gangar jikin inji da kansa. Shi ke raba wuta da ruwa da mai, kowanne ya bi hanyarsa. In ya ƙone sai su haɗu, in kuma aka matsa wa injin a haka, sai a rasa shi gaba ɗaya.

Abu na farko da na ce shi ne a fitar da ita daga rafin. Masu lodi suka sa shebur suka sauke yashin da ke bayanta, aka samo wata tifar ta zo ja. Wayar ƙarfen da aka ɗaura don jan ta tsinke, aka ƙulla, ta sake tsinkewa, ita ma mai jan ta fara tona wa kanta rami. Direbanta ya leƙo ya ce, "Ku yi haƙuri, kada mu zama biyu." Ya lallaɓa ya fice. Daga nan na san babu wata dabara, a nan za a yi aikin, kuma da ƙafarta za ta fita.

Aikin inji a cikin yashi ba na fatan sa ga kowa. Ƙwaya ɗaya ta shiga inda bai kamata ba ta isa ta ɓata komai. Na shimfiɗa tamfol, muka kifa kan motar, wato ɗakin direba, gaba, na kafa ƙafa uku ta bututun ƙarfe a saman injin, na rataya cenbulok, wato sarƙar nan mai ƙugiya da muke ɗaga kaya masu nauyi da ita. Duk abin da na kwance sai na naɗe shi a tsumma. Injin irin mai silinda shida ne a jere, kansa guda ɗaya dogo, nauyinsa ya fi na buhunan gero biyu. Muka ɗaga shi lafiya, na ga inda gaskit ɗin ya cinye tsakanin silinda biyu na tsakiya, baƙi ƙirin. Zafi kuma ya ɗan lanƙwasa kan, dole a kai shi Katsina a goge fuskarsa ta daidaita. Amalanken shanu ya fitar da shi zuwa titi, taubashina ya bi shi, ni kuma na zauna ina kankare fuskar injin ina rufewa.

Kafin a gama gogewa a dawo da shi, sama ta fara canza fuska. Ranar da za mu mayar, tun safe gari ya yi wani irin zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak, can kudu kuma hadari ya yi gangami ya yi baƙi. Masu lodi suka taimaka muka turo kan injin a kan katakai har ya hau, ya zauna a kan wasu guntayen katako da na gitta a saman injin. Saura abu kaɗan a ido: a ɗaga shi kamar taƙi guda, a zare katakan, a shimfiɗa sabon gaskit, a sauke shi a hankali, a miƙe, ya faɗa daidai kan wasu 'yan ƙusoshi biyu da ke saita shi. Amma duk aikin a nan yake. In aka ja shi ko aka goga shi a kan gaskit ɗin, ya lalace tun ba a tada mota ba.

Na saƙala ƙugiya, na ja sarƙa. Ja na farko lafiya. A na biyu sai na ji wani abu ya ce ƙas a cikin cenbulok, sarƙar ta zubo a hannuna ba nauyi. Na buɗe cikinsa, na ga haƙorin da ke riƙewa ya karye biyu.

Ina tsugune ina kallon haƙorin nan wayar ɗaya daga cikin masu lodi ta yi ƙara. Ƙaninsa ne daga wajen Gangara, ya ce tun asuba ake sheƙa ruwa a can, ƙoramu duk sun cika. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyalinsa. Suka saɓa shebur suka yi mana fatan alheri suka haye tudu. Mutum biyu kawai suka tsaya, dattawa ne da suka daɗe suna aiki da taubashina. Muka jefa igiya ta saman ƙafa ukun muka gwada ja da hannu. Ina! Ƙafa na zamewa a yashi, ƙafa ukun na rawa, kan injin ko gezau.

Na juya na ce, "Kai bawa, ba ka ci tuwo ba ne?"

Yana tsaye ya dafa tayar motar, yana kallon kudu. Tunda nake da shi ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Aron wani cenbulok ɗin daga gari zai yiwu, amma kafin a je a samo mai shi a dawo, lokacin da nake buƙata na ɗaure injin ya tafi.

Muna cikin haka sai na hango wata 'yar tsohuwa tana gangarowa daga gaɓar tsallake, da ƙwarya a ka, da lema a hannu tana dogarawa. Tun daga tafiyar na gane Gwaggo ce. Taubashina shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ta wuce shi kamar ba ta ga kowa ba, ta sauke ƙwaryar a gabana.

"An ce mani ɗan ƙanena na nan cikin rana yana wahala da motar wasu. Na ce bari in kawo mashi hura."

Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, ki koma, ruwa na tafe."

"Na riga ka sanin ruwan ga. Mi ya tsaida ku?"

Don girmamawa kawai na yi mata bayani, ina yi ina duban hadari. Ta saurara tana tauna goro. Ta ɗaga kai ta dubi ƙafa ukun, ta dubi igiyar da ke reto, ta zagaya ta leƙa ƙarfen.

"To wanga ai rijiya ce," ta ce.

"Rijiya kuma, Gwaggo?"

"Rijiya mana. Ga bakinta, ga igiya, ga guga. Can garinmu wa ka gani yana jan babban guga da hannu? Dabba ka ja."

Kafin in ce wani abu ta juya ta nufi gaɓa. A kan tudun akwai wani mutum da ke huɗa da raƙumi, yana sauri ya gama kafin ruwa. Muna hango su, tana magana yana girgiza kai, tana nuna mu da lema yana nuna gonarsa. Daga baya shi ya ba mu labari, wai da ya ƙi sai ta tambaye shi ɗan gidan wa ne. Da ya faɗa, ta ce, "Ashe kai ne. Ni na yi ma uwarka guɗa ranar da aka kai ta ɗaki. Kwance garmar ga." Ya ce bai san lokacin da hannunsa ya kai kan igiya ba.

Kafin su iso ni ma kaina ya fara aiki. Masu lodi sun bar wani baro a wurin. Na cire wilinsa, na fige tayar, ya zama ƙarfe mai kwari a tsakiya inda igiya za ta bi. Na zura masa ƙarfe na ɗaure a ƙololuwar ƙafa ukun. Da yake raƙumin ta gefe zai ja, na san zai iya kifar da komai, sai na ɗaure saman da sarƙa zuwa jikin bodin motar, dattawan nan biyu kuma kowa ya rungume ƙafa ɗaya ya zauna a kanta.

Raƙumin ya iso yana taku ɗai-ɗai, wani dogo fari-fari, leɓe na reto. Ya dubi tifar, ya dube mu, da irin kallon nan nasu kamar an tara masa mutanen banza. Aka ɗaura igiya a sirdinsa. Na hau kan injin na riƙe ƙarfen, na ce bismilla, a ja.

Abin da ya faru ko yanzu na tuna sai na yi dariya, amma a lokacin ba abin dariya ba ne. Ƙarfen da mu huɗu muka kasa motsawa, raƙumin nan taku biyu ya yi sai ga shi ya tashi sama kamar kwanon awo, ya kusa dukan wilin, yana lilo a saman kaina. Ni ina ihu a tsaya, taubashina na ihu a dawo, dattawa na salati, mai raƙumi ya rikice bai san wa zai bi ba. Raƙumin ya buɗe baki ya yi wani gurnani ya fara taka rawa. Ƙafa ukun ta yi ƙara har na rufe ido.

"Kowa ya rufe bakinshi!"

Muryar Gwaggo ce. Ban taɓa sanin tana da irin wannan muryar ba. Wurin ya yi tsit, har raƙumin.

"Dabba ba ta jin baki biyu. Kai," ta nuna ni da lema, "ni za ka gaya ma abin da kake so, a hankali. Ni in gaya ma mai raƙumi. Shi ya gaya ma abinshi. Saura duk kurame ne."

Na ce ina so a sauko da shi ƙasa kaɗan. Mai raƙumi ya fara tura dabbar baya, ta ce a'a.

"Kak ka maida shi baya, takunshi guda ya hi abin da suke so. Tsaida shi wuri ɗaya. Naɗe igiyar ga ƙahon sirdi, ka riƙa sakinta kaɗan-kaɗan."

Haka aka yi. Aka naɗe igiyar a ƙahon sirdin, mai raƙumi yana sassautawa, taubashina ya tsaya kusa da wuyan dabbar ya riƙe wutsiyar igiyar da hannu biyu don kada ta kufce. Ƙarfen ya sauko sannu a hankali har ya tsaya inda nake so. Na zare katakan. Na goge fuskar injin da tsumma mai tsabta, na fito da sabon gaskit daga kwalinsa, na duba gefen da ke kallon sama, na zura hannuwana biyu a ƙarƙashin ƙarfen nan ina daidaita shi. A ranar na san abin da ake kira tawakkali. Yatsuna goma, abin da nake ci da iyalina da su, suna ƙarƙashin abin da ya fi buhu biyu nauyi, amanarsu kuma tana wurin raƙumin da ban taɓa gani ba sai yau.

Shi kuwa raƙumin tsayuwa ta ishe shi. Ya waiga ya ga malafar kaba a kan taubashina, sabuwa fil, wadda ya sayo a Katsina. Ya miƙo wuya a natse ya cire ta daga kansa, ya hau tauna. Taubashina hannu biyu a kan igiya, ba halin saki. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Gwaggo ta dubi wani wuri can daban ta ce, "A gaya ma wancan, in ya motsa ni da shi ne. Ya bar dabba ta ci abinta."

Ɗaya daga cikin dattawan ya kifa fuska a kan bututu, kafaɗunsa na rawa. Ni kaina dariya ta taso mini, na danne ta da ƙyar don kada in goce gaskit ɗin. Amma wallahi malafar nan ita ta cece mu. Muddin yana taunarta, raƙumin nan ko kunne bai kaɗa ba.

Na zare hannuna na ce, "Gwaggo, a sauke. Kaɗan."

"Kaɗan," ta ce.

Igiya ta yi ƙara a jikin sirdi. Ƙarfen ya sauko kamar faɗin yatsa.

"Ƙara."

"Ƙara mashi."

Ina riƙe da gefensa ina saita shi da ido, ina leƙen ƙusoshin nan biyu. Sai na ji ya zauna, wani sauti mai taushi, dif, igiya ta saki. Na zura noti ɗaya da hannu ya shige ba gardama, na zura na can ƙarshe shi ma haka. Na ɗaga kai na ce, "Ya zauna." Dattawan suka yi kabbara. Gwaggo ta ce, "To," kawai, kamar an gama tankaɗe.

Sai dai aiki bai ƙare ba, lokacin ma ya fara. Iska ta taso, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa, tana kwasar yashi. Muka kwance sarƙar muka ture ƙafa ukun gefe, Gwaggo da mai raƙumi suka riƙe tamfol suka kare mini injin. Notocin kan inji ba a ɗaure su yadda aka ga dama. Daga tsakiya ake farawa, a riƙa zagayawa ana fita waje, a bi su duka da sauƙi, a dawo a ƙara ƙarfi, a sake dawowa, har sifanar awo, mai auna ƙarfin ɗauri, ta yi ƙara a kan kowanne. In ka fara daga gefe, ko ka ƙulle ɗaya tamau ka bar sauran, kan zai zauna a karkace, gaskit ɗin ya sake ƙonewa, wataƙila tun kafin motar ta hau tudu.

Taubashina ya hau taya ya leƙo, kai ba malafa, gumi na zuba. "Don Allah ɗaure su haka nan. In mun fita ka sake."

"Ba a sakewa. In ya zauna a karkace ya zauna ke nan."

"Ruwa fa!"

"Na sani."

"Kai ba ka da abin asara a nan, shi ya sa!"

Maganar ta yi mini zafi, amma na san ba shi ke magana ba, tsoro ne. Na ci gaba da zagayena. Gwaggo ce ta yi magana daga bayan tamfol, ba ta ce da wa take ba. "Mai hannu biyu da ba ya da aiki, ya je ya tone tayoyi ya sa katakai." Ya sauka ya ɗauki shebur.

Na gama notoci, na mayar da sandunan bawul kowanne a raminsa, na saita su, na ɗaura bututan gas. Duk abin da mota za ta iya tafiya ba shi na bar shi, har da bututun salansa, na jefa su a bodi. Muka juye sabon baƙin mai, muka cika lagireto daga jarka. Yayyafi ya fara. Ina cikin buga famfon gas ina fitar da iska sai mai raƙumi ya ce, "Ku saurara."

Wani sauti ne daga kudu, ƙasa-ƙasa, kamar ana zazzage hatsi daga buhu. Na ɗaga kai na hango shi a kwanar rafin. Ba wani tsayi gare shi ba da farko, wani harshe ne ja mai kumfa, yana turo kara da ledoji da busasshen kashin shanu a gabansa, yana tafe kamar mai neman wani abu.

Muka mayar da kan motar muka kulle. Taubashina ya haye ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake, batir ya fara nuna gajiya. Na ce ya dakata, na kutsa ta bayan kan motar na sassauta bututu biyu, na ce ya murza. Gas ya yi tsartuwa da kumfa, na ƙulle. Lokacin ruwan ya iso, na ji sanyinsa ya shiga takalmina.

"Murza!"

Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, sai ta kama. Babbar mota ba salansa, a cikin kwarin rafi, ƙarar kamar sama ta tsage. Raƙumin da ya yi mana haƙuri duk yinin nan ya ce a nan ya tsaya. Ya zabura ya yi gaɓa da gudu, ragowar malafa a baki, mai shi na reto a igiyar hanci yana kiran sunan Allah. Ko ba komai sun riga kowa fita.

Dattawan suka jefa akwatin sifanuna a bodi suka haye. Na ɗauki Gwaggo cak, ba ta fi tsumma nauyi ba, tana dukana da lema tana cewa in sauke ta, na tura ta gaban mota na rufe ƙofa, na maƙale a matakala. Ruwa ya kai ƙwauri. Taubashina ya sa giya, tayoyi suka yi juyi ɗaya a banza, sai suka kama katakan. Motar ta yunƙura ta fito daga ramin. Bai yi gaggawa ba, bai kuma tsaya ba, ya bi da ita ta inda yashin ya fi tauri, yana karkata yana gyarawa, ruwa na dukan tayoyi, har muka kama hawan gaɓa. Da tayar baya ta taka tudu na diro daga matakala.

Ya kashe motar, ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa na motsi. Ban san ko kuka yake ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Gwaggo na zaune kusa da shi, ta juya fuska tana kallon waje ta taga. Can ta ce mini, "In ka ga direban, ka ce mashi ya iya tuƙi."

Muka tsaya a kan tudu muna kallo. Kafin a jima inda motar ta tsaya ya zama tsakiyar kogi. Ƙafa ukuna da karyayyen cenbulok da baron mutane, muna gani ruwa ya mirgina su ya yi Nijar da su, ba wanda ya tambaye su takarda. Ashe ɗaya daga cikin dattawan bai manta da ƙwaryar fura ba, ya rungumo ta a bodi. Muka shige ƙarƙashin tifar mu duka, har da mai raƙumi da ya dawo yana ɗingishi, ruwa na zuba, ludayi ɗaya na zagayawa. Furar ta sha yashi, amma ban taɓa shan mai daɗinta ba. A nan bakin taubashina ya dawo. Ya ce shi dai a biya shi malafarsa, kuma daga yau ya sauya ubangida, raƙumi zai riƙa bi, don ya fi ni amfani.

Da gari ya waye muka kai ta gareji na ƙarasa abin da na bari. Na sake bin notocin da sifanar awo ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai nemi ƙari ba. Motar nan ta yi shekaru tana aiki, ta aurar da 'ya'yansa mata, ta mayar masa da shanu, kuma har ya rabu da ita ba a sake buɗe kan injin ba.

Na sha yin tunanin ranar nan. Duk wanda ya yi ihu a cikin rafin, da ni a ciki, ba abin da ihunsa ya ƙara sai rikici. Abin da ya fitar da mu shi ne igiyar da aka riƙa saki kaɗan-kaɗan, da notocin da aka bi ɗaya bayan ɗaya alhali ana jin ƙarar ruwa. Tun daga lokacin, in aiki ya rikice mutane suka taru a kaina kowa na cewa in yi sauri, sai in ajiye sifana in ce a yi shiru tukuna, mutum ɗaya ya yi magana. Na gane cewa ranar da lokaci ya fi ƙurewa, ranar ce ba ka da damar yin aiki sau biyu, don haka ita ce ranar da ya fi kamata ka yi shi a natse.